Farfelar injin jirgi: mai lamba 11, 13 ko 15 za ka saya?

Masu jiragen katako a Yauri, Malale da sauran gaɓar tafkin Kainji sukan ɗora wa inji laifi idan jirgi ya ƙi gudu, ko ya fara shan mai fiye da kima. A canza fulogi, a wanke kafireto, a kai wa makaniki. Sau da yawa kuwa inji lafiyarsa ƙalau, farfelar da aka ɗaura masa ce ba ta dace da nauyin jirgin ba.

Duba jikin kowace farfela, za ka ga lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗin da'irar da fukafukanta ke yi ne, a ma'aunin inci. Ta biyu ita ce takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Faɗin ba ka da wani zaɓi mai yawa a kansa, domin gindin inji ya riga ya ƙayyade iyakar abin da zai shiga. Cinikin duka a kan lamba ta biyu yake.

Mu ɗauki Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya cika bakin ruwa. Kamfanin ya tsara shi ya riƙa juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an murɗa totur har ƙarshe. Duk incin da ka ƙara a taku zai rage wa inji juyi kamar 150 zuwa 200, duk wanda ka rage kuma zai ƙara masa kwatankwacin haka.

Mai 15 ita ce ke ruɗar masu saye, don a lissafi ta fi gudu. Haka ne, amma sai a jirgin roba marar nauyi mai ɗaukar mutum uku ko huɗu. Ka ɗaura ta a dogon jirgin katako da aka loda wa buhunan shinkafa, sai ka ji inji yana gurnani ƙasa-ƙasa, ya kasa kai juyi 4,500. Kamar tirela ce ta tunkari hawa da babbar giya. Fulogi zai yi baƙi, hayaƙi ya yawaita, fistin ya riƙa ɗaukar zafi, gudun da aka saye ta dominsa kuma ba a samu ba. Ɓarnar ba ta bayyana a rana ɗaya, shi ya sa ake raina ta.

Mai 13 tsaka-tsaki ce. A wannan injin farfela na juyi ɗaya ne duk juyi biyu na inji, don haka a juyi 5,000, lissafin takarda zai ba ka kusan kilomita 50 a awa. Mai 11 kuma kusan 42. Sai dai ruwa ba ƙasa ba ne, yana zamewa. Jirgi marar nauyi yakan yi asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan lissafi, mai kaya kuwa asararsa ta wuce haka nesa.

Ga mai jigilar fasinja ranar kasuwa, ko basarken da ke jan taru da kwandunan kifi, ni mai 11 5/8 x 11 nake zaɓar masa. Tana ɗaga jirgi da wuri, tana riƙe shi idan ana haurawa sama da ruwa lokacin cikar kogi, inji kuma yana numfashi yadda ya kamata. Aibinta ɗaya: in ka sauke kaya kana dawowa fanko, juyi na iya zarce 5,500, sai ka sassauta hannu a totur. Kuma don ta iya jan kaya, wannan bai ƙara wa jirgi ko inci ɗaya na zurfin ciki ba. Mutanen Warrah a Jihar Kebbi ba su manta da jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ya nutse da mutane da dama a watan Mayun 2021 ba.

Kunne yana taimakawa, amma ƙaramin agogon auna juyi, wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, ya fi gaskiya. Ka loda jirgi da irin kayan da ka saba ɗauka kullum, ka murɗa har ƙarshe, ka karanta. In ka ga 4,200 da mai 13, sauka zuwa 11. In ka ga 5,700, hau zuwa 14 ko 15.

Sai batun ƙarfe. Ta silba, wato alminiyam, ta fi araha kuma tana da taushi. Ta ƙarfen sitil fukafukanta sirara ne, ba sa lanƙwasa, tana ɗan ƙara gudu, kuɗinta kuma ya ninka. A buɗaɗɗen ruwa mai zurfi ta sitil ta fi. Amma tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa kwance a ƙarƙashin tafkin, ga tsibiran yashi da rani. In ta silba ta daki kututture, fiffikenta ne zai lanƙwashe ko ya gutsure. In ta sitil ce, bugun na iya wucewa ya lanƙwasa sandar farfela ko ya taɓa haƙoran giya, gyaran da ya fi kuɗin farfela sau da yawa. A irin wannan ruwa gara ta silba guda biyu da ta sitil guda ɗaya.

Mai fiffike huɗu ta fi kama ruwa da kaya, amma tana ɗan rage gudun ƙarshe. Mai uku ta wadatar da yawancin jirage.

A shago, je da tsohuwar farfelarka. Ƙirga haƙoran ramin tsakiya: na doki 40 goma sha uku ne, na doki 15 takwas, kuma ba sa shiga na juna. A na Yamaha akwai harafi bayan lamba, G na masu doki 40, J na masu 15, K na masu 75. In ta hannu ce, duba robar tsakiya. Idan ta saki, inji zai yi ta ihu jirgi na tsaye. Shafa bakin fukafukan, in akwai walda ko wani ya fi wani gajarta, bar ta, domin girgizarta za ta cinye sil, wato robar da ke tare ruwa, sai ruwa ya shiga man giya. Ka haɗa da noti da fin na ajiya, don su ne ke faɗawa ruwa lokacin canji.