Asusun J.C. Flowers: ribar Shinsei da asarar Hypo Real Estate

J.C. Flowers & Co. kamfani ne na New York da ba ya taɓa komai sai harkar kuɗi: bankuna, inshora da kamfanonin ba da rance. Mai shi, J. Christopher Flowers, ya yi kusan shekara ashirin a bankin Goldman Sachs kafin ya bari a 1998. Hajarsa ita ce asusun haɗaka. Manyan masu jari, galibi hukumomin fansho da kamfanonin inshora, su yi alƙawarin kuɗi, shi kuma ya sayi banki mai rauni, ya gyara, ya sayar.

Ba a zuba kuɗin gaba ɗaya. Kira ake yi kashi-kashi duk sanda ciniki ya faɗa, kuma jarin yakan zauna a ɗaure kamar shekara 10. Abin da aka saba a wannan sana'a shi ne ladan kula na kashi 2 cikin 100 a shekara, da kashi 20 na riba bayan mai jari ya fara samun kashi 8.

Inda Flowers ya yi suna shi ne Japan. A 2000, shi da kamfanin Ripplewood suka jagoranci sayen Long-Term Credit Bank daga hannun gwamnati a kan yen biliyan 121, suka mai da sunansa Shinsei. Gwanintar tana cikin sharaɗi ɗaya na yarjejeniyar: duk bashin da darajarsa ta faɗi da kashi 20 cikin shekara uku, gwamnati za ta karɓe shi. Wato ruɓaɓɓun basussuka ba sa wuyan mai saye. Da aka kai hannun jarin bankin kasuwa a 2004, ribar ta ninka sau da dama. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma ya cancanci yabo.

A Jamus babu wannan garkuwa. A 2008 Flowers ya jagoranci sayen kashi 24.9 na bankin Hypo Real Estate a kan yuro 22.50 kowane hannun jari. Bankin yana ba da rance mai dogon zango da kuɗin da ya ciwo na gajeren zango, shi ya sa da kasuwar lamuni ta ƙafe bayan rushewar bankin Lehman Brothers na Amurka, sai Hypo ya durƙushe. Gwamnati ta ƙwace shi a 2009, ta biya ragowar masu hannun jari yuro 1.30. MF Global, kamfanin dillancin hada-hadar kuɗi na Amurka inda nan ma Flowers ya zuba kuɗi, ya karye a 2011.

Aibin asusun a ganina shi ne kaya duka a jirgi ɗaya suke, wato harkar kuɗi kaɗai. Banki kan bashi yake tsaye, asara kaɗan tana cinye jarin masu shi, kuma hukuma na iya ƙwacewa ba shawara. Ya dace da hukumar fansho da ta riga ta rarraba jarinta, ba da mai neman kuɗinsa nan kusa ba. Kafin a sa hannu, a duba ko asusun ke da ikon juya bankin da za a saya, kuma wa zai ɗauki tsofaffin basussuka idan suka ruɓe.