Na shiga tsohon ɗakin nazarin taurari na Kwalejin Williams

Duk wanda hanya ta kai shi yammacin jihar Masacusets a Amurka, ya daure ya tsaya Williamstown ya shiga Hopkins Observatory, wato ɗakin nazarin taurari na Kwalejin Williams, inda ake yin shirin nuna taurari a rufin ɗaki. Ba a biyan ko sisi, sai dai a kama wuri tun da sauran lokaci, don ɗakin kallon ƙarami ne. Ƙanena ne ya yi ta zuzuta wurin har na zaci katafaren gini zan tarar. Ashe ɗan ginin dutse ne da bai fi masallacin unguwa ba. Bayan tuƙin kusan awa uku daga Boston cikin sanyi, gaskiya da na gan shi raina bai yi daɗi ba.

Da muka shiga ciki ne na fara saukowa. Duwatsun bangon nan Farfesa Albert Hopkins da ɗalibansa ne suka faso su da hannunsu. A 1834 ya je Ingila ya sayo kayan aiki, aka soma gini a 1836, aka buɗe a 1838, kuma yau duk Amurka babu ɗakin nazarin taurari da ke tsaye wanda ya girme shi. Abin da ya fi burge ni, sau biyu kwalejin tana buƙatar filin, a 1904 da 1961, amma ba ta rushe shi ba, sai ta matsar da shi wani wuri. Na'urar hangen nesa mai madubi inci 7 da Alvan Clark, maƙerin irin waɗannan na'urori, ya yi a 1852 ma tana nan a sama. Wannan riƙon amana ne, kuma na jinjina musu.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ɗalibai ne ke gabatar da shirin. Aka kashe fitila, majigin kamfanin Zeiss ya watsa taurari a rufin da ke kanmu. Wata ɗaliba ta nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ta nuna tauraron arewa can sama, sannan ta ce ko akwai tambaya. Ƙanena ya taɓa ni, "Yaya, tambaye ta namu mana." Na ce mata daga Kano nake, shin sararinmu haka yake? Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta juya na'urar. Wallahi ina kallo dukan sama ta karkata, tauraron arewa ya yi ta gangarowa har ya tsaya dab da gindin bango, wasu taurari kuma suka ɓullo daga kudu waɗanda ba a taɓa ganinsu a Williamstown. Ta ce tsayin tauraron arewa daidai yake da nisan wuri daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu: su suna wajen digiri 43, Kano kuwa 12. Tun ina makaranta nake jin wannan lissafi, ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Sai dai daɗin bai kai ƙarshe ba. Na ci burin tsayawa a bayan gari in kalli taurarin gaske, muka fito hadari ya rufe sama ruf. Ga kamfanin da muka yi hayar mota ya caje mu kuɗin yini guda don mun makara kaɗan, har yanzu abin yana ci mini rai. Kuma mai zuwa da yara ya sani, kayan tarihin da ke ɗakunan gefe ba su da yawa, nan da nan an gama zagayawa.

Duk da haka zan koma in Allah ya yarda, amma da motar kaina, kuma sai na duba hasashen yanayi kafin in tashi.