Shagon basket na bosho kusa da kasuwar Wadata a Yamai: ga abin da na gani

Jama'a masu futin, wato gudun motsa jiki, da safe a bakin sitad Seyni Kountché da masu bin Korniş har gadar Kennedy, da yawa kun tambaye ni inda na samu takalmin da nake gudu da shi yanzu, to bari in yi bayani gaba ɗaya a nan. Wani ɗan shago ne a gefen kasuwar Wadata, ba shi da wani allo babba, basket ne kawai, wato takalman wasanni, rataye da igiyoyinsu tun daga rufi har ƙasa, kusan duka na bosho ne, wato na gwanjo, wanda aka buɗe daga dila. Mai shagon dattijo ne, kuma abin da ya sa nake yabonsa shi ne ya san ƙafa, ba takalmi kaɗai ba.

Da na ce masa lamba 43 nake sawa, sai ya ce "ƙanena, ajiye maganar lamba, zauna tukuna." Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya ce in miƙe tsaye a kai da safata, ya zagaye ƙafar da biro, ta dama da ta hagu, sannan ya auna da mitan tela. Ta hagu ta ɗan fi tsawo, ya ce da ita za mu yi aiki. Daga nan ya ɗaga harshen wani takalmi ya nuna mini ƴar takardar da ke ciki, akwai lambar Turai, ta Amurka, ta Ingila, sannan akwai santimita, ya ce wannan ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da gaskiya saboda 43 na wannan kamfani ba lalle ya yi daidai da 43 na wancan ba. Na gwada kuma haka ne.

Ƙa'idarsa guda ce: idan ka ɗaure takalmi ka tsaya, a samu filin da ya kai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, wajen santimita 1 zuwa 1 da rabi. Dalili kuwa ƙafa tana kumbura idan gudu ya yi nisa, balle a zafin Yamai na watan Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40. Wanda ya taɓa ganin farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya cire bayan doguwar tafiya ya san me ake nufi, yatsan ne yake ta dukan bakin takalmi sau dubbai. Shi ya sa ma ya fi so mutum ya zo awo bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta wuni tana aiki ta buɗe. Amma diddige ya zauna daram, kar ya riƙa zamewa sama da ƙasa, nan ne bororo yake fitowa. Ya nuna mini amfanin ramin nan na ƙarshe na sama da yawancinmu ba mu zura igiya a ciki, ka yi ƴar kunne hagu da dama, ka sarƙa igiyar ta ciki ka ja, sai diddige ya kamu ba tare da ka matse saman ƙafa ba.

Wanda na ɗauka Asics Gel-Nimbus ne, jerin da kamfanin nan na Japan ya fara tun 1999 don masu dogon gudu da ke son laushi. Na samu mai faɗi, wanda aka rubuta 2E a takardarsa, kuma wannan magana ce babba a gare mu. Yawancinmu da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe muka tashi, yatsu sun baje, ƙafa ta yi faɗi, sai ka ga mutum yana ƙara lamba biyu don ya samu faɗi alhali tsawon ya yi masa yawa yana tuntuɓe. Mai faɗi ake nema, ba mai tsawo ba. Dattijon yana ware masu faɗin a gefe guda don ya san ana nemansu.

A kan kwalta kuwa wallahi na ji bambanci. Daga sitad in gangara in haye gada zuwa Harobanda in dawo, a da washegari ƙwabrina da gwiwa sai sun gaya mini, yanzu gajiya ce kawai ta jiki wadda barci ke ɗaukewa. Ba na cewa takalmi magani ne, wanda ya ƙara kilomita da gaggawa zai ji ciwo ko me ya sa a ƙafa, kuma ciwon da ya ƙi tafiya na likita ne. Amma idan za ka yi kilomita 10 ko 15 a kan gudron da pave, soson da ke ƙasan ƙafarka yana rage maka dukan da kake ji, kuma ƙarshen gudun bai zama azaba.

To a nan ne maganar bosho take da haɗari, kuma a nan ne na fi jin daɗin mutumin. Soson tsakiya, wanda yawanci na EVA ne, wani irin roba mai laushi, ko danginsa, yana mutuwa tun saman takalmi yana nan fes. Abin da masu takalman ke faɗa shi ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ya fara rasa tashinsa. Kenan wani Bature zai iya cinye rayuwar takalmi a wata shida a kan hanya mai tsabta, ya zo mana yana ƙyalli, ciki kuwa ya mutu. Dattijon da kansa ya koya mini dubawa: ka cire shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa a wurin diddige, idan ya lotsa ya dawo yana da rai, idan ya yi tauri ko ya lotsa ya zauna ka ajiye. Ka duba gefen soson, idan ya yi tamoji da yawa an taka shi sosai. Ka ɗora shi a kan tebur ka duba ta baya, idan ya karkata gefe guda to ya riga ya ɗauki takun wani, zai karkatar da kai ma. Ka juya ƙasan ka ga ko zanen roba ya shafe. A gabana ya janye wani mai kyan gani da na riga na riƙe, ya ce "wannan na zuwa biki ne, ba na gudu ba." Ɗan kasuwar da zai hana ka sayen kayansa don ƙafarka, ni dai ban cika gani ba.

Ya kuma bar ni na fita da shi na ɗan sassarfa a layin da ke gaban shagon kafin mu yi ciniki. Takalmin gudu a gudu ake gane shi, idan yana cizonka a shago kar wani ya ce maka zai saki.

Akwai Nike Pegasus a wurinsa sosai, shi ne ya fi yawa, ba mamaki tunda tun 1983 ake yinsa, akwai Adidas masu soson Boost da ya fito a 2013, wani lokaci kuma Hoka, waɗannan masu kaurin ƙasa da wasu Faransawa biyu suka fara a 2009. Idan za ka canza daga wani iri zuwa wani ka lura da tazarar tudu tsakanin diddige da gaba, wasu wajen milimita 10 ne wasu 5, idan ka sauka zuwa mai ƙarami agara da sha-raɓa ne za su ɗauki ƙarin aiki, sai a shiga a hankali.

Samari kuma duk wanda ya shigo takalmi mai farantin kabon yake tambaya, wato mai wani siririn faranti mai tauri a cikin soson, tun da Eliud Kipchoge ya yi gudun maraton ƙasa da awa 2 a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2019. Waɗannan na ranar gasa ne, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa musu doka a 2020 cewa kaurin ƙasa kar ya wuce milimita 40, suna da tsada kuma ba su daɗewa kamar na yau da kullum. Mafi yawan waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi da wannan siffa kopi ne, kala mai kyau, ciki roba mai tauri. Ni na fi son ka sayi na bosho orijinal mai rai a kan sabon kopi a kwali.

Abin da bai yi mini ba: kayan ba su da tabbas, yau akwai lambarka gobe babu, sai an buɗe sabuwar dila, don haka wanda ke gaggawa zai sha jira. Na mata kaɗan ne sosai, ƴar'uwata ta je ta dawo hannu wofi, kuma mata masu futin suna ƙaruwa a Yamai, ya kamata ya duba wannan. Kuɗinsa ya ɗan fi na masu shimfiɗa a ƙasa, ragi kaɗan yake yi, sai dai duk da haka bai kusanci kuɗin sabo ba. Wurin zama ma benci ɗaya ne, ranar Asabar da yamma sai ka tsaya.

Ga masu gudu a kan jar ƙasa da rairayi wajen bayan gari, ragar saman irin waɗannan takalma tana shan ƙura lokacin hunturu, ƙarangiya ma tana maƙalewa, sai a riƙa kakkaɓewa a cire shimfiɗar ciki a zubar da rairayi. A wanke da hannu a shanya a inuwa, ranarmu tana sakin gam tana busar da soso, kar a bar shi a bayan mota ko kan rufin kwano. Kuma ka bar shi na gudu kawai, idan ka mai da shi na zuwa kasuwa da aiki kilomitansa kake ƙonawa. Mai niyyar zuwa ya tafi da safar da yake gudu da ita da kuma tsohon takalminsa, dattijon yana duba inda ya ci a ƙasa kafin ya sauko maka da wani.