Matatar Ruwa Mai Gawayin Ɓawon Kwakwa Bayan Wata Huɗu

Wata huɗu ke nan da na ɗaura wannan matata a bakin famfon gidanmu, kuma tun ranar farko warin kulorin ya ɓace daga ruwan, har shayin safe ya dawo da ɗanɗanonsa. Aikin duka na gawayin da ke cikinta ne, wanda ake yi daga ɓawon kwakwa, a bi shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Idan aka shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram 1 kacal, faɗinsu kan kai murabba'in mita 1,000, kuma a jikin wannan bango ne wari da sinadarai ke maƙalewa. Da irinsa masana'antu ke tace sukari da ware zinariya. 

Sai dai ramuka suna cika. A wata na uku ruwan ya koma ɗigowa a hankali, da na kwance ta sai na tarar da jar laka ta lulluɓe gawayin, dole na sayi sabo, kuma kuɗinsa ya ɗan ciji aljihu. Abin da ya fi damuna shi ne mai shagon bai gaya mini cewa ba ta cire gishiri ba, ba ta kuma kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka mai ruwan rijiya sai ya tafasa kafin yara su sha.