Rautar da na saya a Wuse 2: sigina lafiya lau, fayawol ɗinta ciwon kai

Wajen ƙarfin sigina ba ni da ta cewa a kan rautar nan, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Gidanmu a Kubwa bene ne, amma wayfay na kaiwa har ɗakin Hajiya, mahaifiyata, da ke ƙasa can ƙurya. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kowa ya je ya saya.

Fayawol ɗinta ne ya ɓata min rai, wato shingen tsaron da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet. Dama saboda kyamarar da na sa a falon Hajiya na saye ta, jiki ya yi nauyi, ina so in riƙa duba ta daga ofis. Sai ga shi ko a cikin gidan ma kwamfutata ba ta ganin kyamarar, ba ta ganin firinta, alhali duk layi ɗaya suke kai. Na shiga 192.168.0.1, shafin saitin rautar, na yi ta lalube. Ashe akwai saitin da ke hana na'urorin gida ganin juna, a kunne ya zo, kuma an cusa shi a shafin da ba ruwansa da tsaro. Irin wannan saiti na otal ne, inda baƙin da ba su san juna ba ke hawa layi guda. Me ya kawo shi gidan mutum a kunne? Takardar cikin kwali ko ambatonsa ba ta yi ba.

Na kashe shi, firinta ta dawo. Na buɗe ƙofa mai lamba 554, wadda kyamarori ke tura hoto ta cikinta, amma daga ofis shiru. Na kira mai shagon, sai ce min ya yi, "Yallaɓai, kashe fayawol ɗin gaba ɗaya, kowa haka yake yi." Na ce, Malam, kyamarar nan mahaifiyata take kallo, in bar ta a buɗe ga duk wanda ya ga dama? Wallahi wannan amsa ta fi matsalar kanta yi min ciwo.

Ƙanina ne ya gano bakin zaren. Adireshin da kamfanin intanet ya ba mu da 100.64 ya fara, wato mu da yawa aka tara a bayan adireshi ɗaya, ko ƙofa nawa ka buɗe daga waje ba za a iso ka ba, sai ka nemi adireshi naka na kanka. Wannan ba laifin rautar ba ne, har na fara sassauta mata.

Sai kuma wuta. Duk lokacin da aka ɗauke aka dawo da ita, saitin nan da na kashe sai ya kunna kansa, firinta ta ɓace, yara na jiran buga aikin makaranta ni kuma ina kan titin Kubwa cikin cunkoso. Na koma shagon, suka ce an riga an buɗe kwali, ba canji. Wanda waya kaɗai yake amfani da ita, rautar za ta yi masa. Mai kyamara ko firinta ya nemi wata.