Goldberg na Glenn Gould: na 1955 ko na 1981?

Malam, tunda ɗaya ka ce za ka saya a cikin faya-fayan nan biyu da Glenn Gould ya kaɗa kiɗan Goldberg da piyano, ɗauki na 1981. Duka ina da su, amma na 1981 ne kwalinsa ya koɗe a hannuna.

Kiɗan dai ɗaya ne, wanda Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya fitar a 1741: a buɗe da wani ɗan gajeren kiɗa da ake kira Aria, a sarrafa shi salo 30, a dawo a rufe da Aria ɗin. Mai kaɗa piyanon ma shi ne dai Gould ɗan Kanada, sai dai shekara 26 ke tsakani.

A na 1981 ba ya gaggawa. Aria kaɗai ta ci minti 3, kowane sauti sai ya zauna kafin na gaba ya shigo. Ranar da na fara saurarensa da abin kunne, cikin dare ne, kowa ya yi barci. Can sai na ji kamar wani yana gunguni a bayana, har na cire abin na waiga. Ashe Gould ne ke bin kiɗan da baki, ƙasa-ƙasa, na'ura ta kwashe. Da farko abin ya dame ni, yanzu kuwa in na ji wani makaɗin ya kaɗa shi shiru sai in ji kamar da saura. Allah sarki, faifan bai daɗe da fitowa ba ya rasu, a Oktoban 1982, yana da shekara 50.

Na 1955 kuwa, to, yana ɗan shekara 22 ya kaɗa shi, kuma shi ya fito da sunansa duniya, ba zan hana shi wannan ba. Amma gudu yake kamar an biyo shi, kuma sautin ba sitiriyo ba ne, wato ba a raba shi dama da hagu ba.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Ni ma ba da niyya na mallaki na 1955 ba: hoton Gould da manyantakarsa aka manna a tallar, ba a rubuta shekara ba, da ya iso na ga tsohon ne. Kafin ka biya, ka sa a turo maka hoton bayan kwalin ka duba tsawonsa. Minti 38 na 1955 ne, minti 51 shi ne naka. In mai kayan ya fara kame-kame, ka wuce.