Mosquitto ko ActiveMQ: wanne ya fi sauƙin karɓar satifiket ɗinka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wanne zai fi sauƙin aiki da satifiket ɗinka na tsaro tsakanin Mosquitto da ActiveMQ, manhajoji biyu masu dillancin saƙonni tsakanin na'urori. Tunda satifiket ɗin da ke hannunka na PEM ne (tsarin fayil na rubutu zalla), kuma saƙonnin MQTT (ƙa'idar da ƙananan na'urori ke aika saƙo da ita) kawai za ka riƙa turawa, ɗauki Mosquitto ka huta.

Shi na ɗora wa wani Alhaji mai ɗakin sanyi na kifi a Agege. Ƙananan na'urori ne ke auna sanyi suna turowa, wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi da ke kan kanta, gefen littafin bashi, tana karɓa. Ranar da muka kulle saƙonnin da satifiket, layi uku kawai na ƙara a fayil ɗin saitinsa, mosquitto.conf: listener 8883 (ƙofar saƙonnin da aka kulle), sai certfile mai nuna fayil ɗin satifiket, fullchain.pem, sai keyfile mai nuna makullin sirri. Kafin a kira la'asar Alhaji na kallon sanyin ɗakinsa a waya. A ɗauke wuta a dawo da ita, Mosquitto yana tashi da kansa, wallahi bai taɓa hana ni barci ba.

Inda jama'a ke yin tuntuɓe shi ne izinin karanta fayil. Tun daga sigar 2.0, Mosquitto yana ajiye ikon root (babban mai iko a kwamfutar) kafin ya buɗe satifiket, alhali ma'ajiyar Let's Encrypt, masu ba da satifiket kyauta, root kaɗai ke shiga. Kwafe fayilolin zuwa wani wuri ka ba Mosquitto mallakarsu. In na Let's Encrypt ne, kwana 90 yake yi, don haka sa umarnin da zai sake kwafewa duk lokacin da aka sabunta. Sannan na'urorinka su kira sabar da sunan da ke rubuce a jikin satifiket. In suka kira ta da lambar IP za su ƙi haɗuwa.

ActiveMQ kuwa yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma na Java ne, sai ka haɗe satifiket da makulli cikin fayil ɗaya nau'in PKCS12 da manhajar openssl, ka shiga fayil ɗin saitinsa activemq.xml, ga cin ƙwaƙwalwa. In ba JMS, tsarin saƙonni na Java, kake buƙata ba, ƙyale shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cewa dillalin saƙonni sai da satifiket na musamman, su yanka maka kuɗi. Ƙarya ce, naka ya isa muddin sunan ya dace. Duk wanda kuma ya ce ka turo masa makullin sirri ta WhatsApp don ya "taya ka saiti", kada ka kuskura, ko da aminin yayanka ne.

Idan 8883 ta fara aiki, ka toshe 1883, ƙofar da ba a kulle saƙonninta, daga waje.